Koci, uwar ɗaki ko likita: wa zan nema?

Tambaya: Ina da shagon ɗinki da yara shida, amma aiki ya cakuɗe mini, kullum sai na saɓa wa masu kaya alƙawari. Ƙawata ta ce in ɗauki koci, wato mai taimaka wa mutum ya tsara aikinsa ya cimma burinsa. Me zai yi mini da uwar ɗakina ba za ta yi ba?

Amsa: Malama, duba wanda amsar take hannunsa. Uwar ɗakinki ta riga ki bin hanyar, za ta ce miki "ni ga yadda nake yi". Ƙwararren da ake biya ya duba kasuwanci zai karɓi littafin lissafinki, ya gano inda kuɗi ke zurarewa, ya rubuto mafita. Koci kuwa ba dole ba ne ya iya zura zare a keke. Aikinsa tambaya, har ki fito da amsar da bakinki.

Tsarin da koci suka fi bi shi ne mai matakai huɗu da ake kira GROW, wanda John Whitmore ya yaɗa daga Birtaniya tun 1992. Za a fara da abin da kike so, sai halin da ake ciki. Nan ake daɗewa, domin zai tambaye ki kaya nawa kika karɓa kafin ƙaramar sallar bara, nawa yara shida ke iya gamawa a mako, me ya hana ki cewa "na rufe karɓa". Sannan ki jero zaɓi, ki ɗauki ɗaya, ki sa masa rana. Zama kan ɗauki minti 45 zuwa 60, sau ɗaya a mako biyu, tsawon wata uku zuwa shida.

Inda ake samun matsala shi ne kai wa koci ciwo. Idan kin yi mako biyu ko fiye babu barci, babu sha'awar abinci, komai ya fita ranki, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, irin na asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Koci ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani, kuma na kirki da kansa zai tura ki can.

A yawancin ƙasashe babu dokar da ta hana kowa kiran kansa koci, don haka ki nemi shaida. Ƙungiyar koci ta duniya, ICF, da aka kafa a Amurka a 1995, ba ta ba da takardar shaidar matakin farko, ACC, sai da awa 60 na horo da awa 100 na aiki da mutane. Ku kuma rubuta yarjejeniya kan kuɗi, yawan zama da riƙe sirri kafin ki biya ko sisi.