Amsoshin Tambayoyinku: AI Ya Haddace Lambar Wayata?

Wani ɗan'uwa ya rubuto: "Malam, in ina biyan kuɗin ChatGPT duk wata, shi kenan sirrina ya tsira?" A'a, ƙarin aiki kuɗin ke saya maka. Ka shiga saitin, wajen bayanai, ka kashe maɓallin da ya ba kamfanin damar horar da ChatGPT da hirarka, wannan kyauta ne ma.

Wata baiwar Allah kuma hankalinta a tashe, ta taɓa sa lambar wayarta a wani shafi shekarun baya, yanzu ta ji wai AI na haddace irin wannan. Ƙanwata, kwantar da hankalinki tukuna. Batun haddar gaskiya ne, a 2020 masu bincike sun tatso sunan wani mutum daga GPT-2, wani tsohon injin AI na kamfanin da ya ƙera ChatGPT, da lambarsa da imel da adireshinsa, a 2023 ma wasu sun sa ChatGPT ya yi ta maimaita kalmar "poem" ba tsayawa, can sai ya kauce ya fara amayo rubutun da aka horar da shi, har da lambobin mutane. Amma abin da ya fi maƙale masa shi ne wanda ya gani sau da yawa a wurare daban-daban. Ki je ki goge ta a shafin, ki yi barcinki.

Sai mai cewa ya ga manhajar da za ta goge bayanansa daga kan AI in ya biya, wai ya saya? Haba malam! Wallahi irin wannan tambayar ke sa ni ciwon kai. Bayanan nan ba a jere suke ba kamar lambobin cikin wayarka da za ka danna ka goge, sun narke cikin biliyoyin alƙaluman injin, su kansu kamfanonin da suka ƙera shi fama suke da yadda za su sa ya manta, to wane ne wannan daga waje da zai shiga ya cire maka? Kuma ka lura, kafin ya "goge" sai ka cike fom, cikakken suna, ranar haihuwa, hoton katin shaida, lambar katin banki. Ka ba kura ajiyar nama da hannunka, har da kuɗin dako. Kar ka saya, kar ma ka sauke ta.

Mai tambaya ko zai iya manna wa ChatGPT takardun ofis ya gyara, a 2023 Samsung ta hana ma'aikatanta amfani da ChatGPT bayan wasu sun zuba masa bayanan kamfani. Tambayi oganka, kuma ka cire sunaye da lambobi tukuna.