Rani biyu da farar ɗamara: ta ina ake kaiwa ga shuɗiya a jiyu-jitsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 23 daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, kuma tun ina yaro nake kokawa a dandali bayan kaka. Da na je cin rani Legas na sami aikin shara a wani gidan motsa jiki inda ake koyar da jiyu-jitsu irin na Birazil, wani wasa mai kama da kokawa da ake ci gaba da shi har a ƙasa, malamin wurin kuma ya bar ni ina shiga horo kyauta. Rani biyu ke nan ina yi, amma har yanzu farar ɗamara ta 'yan koyo nake ɗaurawa, da zane biyu na alamar ci gaba a bakinta. Yanzu na dawo gida noma, muna ɗan gwadawa da ƙanena a zaure. Wani a Facebook ya ce in tura masa bidiyo da kuɗi zai aiko mini da shuɗiyar ɗamara da takardar shaida. Shin akwai jarrabawar da ake yi ne, kuma in karɓi tayinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka tura wa mutumin nan ko sisi. Ɗamara a wannan wasa shaida ce da malami yake bayarwa a kan ɗalibin da ya daɗe yana kamawa da hannunsa, ya san nauyinsa, ya san inda numfashinsa yake ƙarewa, ya kuma ga abin da yake yi idan aka danne shi. Wanda bai taɓa riƙe wuyan rigarka ba ba shi da abin da zai shaida a kanka. Akwai makarantu a ƙasashen waje da suke duba bidiyon ɗalibi, kuma ko su an daɗe ana musu a kan ingancin abin da suke yi, balle mutumin da ba ka san malaminsa ba. Ranar da ka ɗaura wannan ɗamara ka hau katifa da wanda ya sami tasa da gumi, minti biyu sun isa kowa ya gane gaskiya, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Tsarin ɗamara ya samo asali ne daga judo, wasan da Jigoro Kano ya kafa a Japan a 1882 (sunansa ya zo daidai da na birninmu, ko da yake babu wata alaƙa). Wani ɗalibin makarantarsa, Mitsuyo Maeda, ya isa Birazil a 1914, daga gare shi ne Carlos Gracie ya koya, iyalan Gracie kuma suka mayar da hankalin wasan ga kamun ƙasa. Ga manya, ɗamara biyar ce a jere: fara, shuɗiya, shunayya, mai ruwan ƙasa, sai baƙa. Hukumar wasan ta ƙasa da ƙasa mai suna IBJJF, wadda makarantu da yawa suke bin ƙa'idarta, ba ta yarda a ba da shuɗiya ga wanda bai kai shekara 16 ba, baƙa kuwa galibi sai mai shekara 19. Ta kuma gindaya mafi ƙarancin zaman da za a yi a kowane mataki, wato shekara 2 da shuɗiya, shekara ɗaya da rabi da shunayya, shekara 1 da mai ruwan ƙasa. Wannan ƙarancin ne kawai. A aikace, mafi yawan mutane sukan kai kimanin shekara 10 kafin su ɗaura baƙa.

Yanzu mu yi lissafin zamanka. Ɗan cin rani yakan bar gida bayan an kai amfani rumbu, ya dawo da faɗuwar ruwan fari, saboda haka rani biyu bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni a kan katifa ba. Malami kuwa kwanakin da ka hau katifa yake ƙirgawa. Zane huɗu ake yi wa farar ɗamara kafin a sauya ta, kai kana da biyu, ka ga ke nan malaminka bai tauye ka ba, rabin hanya ya ce ka kai, kuma a ganina ya yi maka adalci.

Game da jarrabawa, makarantu sun kasu. Wasu sukan sa rana, ɗalibi ya nuna dabarun da aka lissafa masa ɗaya bayan ɗaya, sannan a sa shi ya kama da mutane da dama a jere ba tare da hutu ba, don a ga abin da zai saura a hannunsa idan gajiya ta cinye ƙarfinsa. Wasu kuwa ba sa yin jarrabawa ko kaɗan, sai dai wata rana bayan horo malami ya kira sunan ɗalibi, ya kwance masa tsohuwar ɗamara ya ɗaura masa sabuwa a gaban 'yan'uwansa. Ko wace hanya aka bi, hukuncin ya riga ya nuna a zuciyar malami tun watanni kafin ranar.

Abin da ake nema ga mai shuɗiyar ɗamara shi ne ya iya kuɓutar da kansa. Idan aka hau ruwan cikinsa ya san yadda zai ɗaga ƙugu ya kifar da na sama, ko ya zame ya maido da ƙafafunsa tsakaninsu. Idan aka kama bayansa ya fara kare wuyansa kafin komai. Ya iya tsare abokin karawa da ƙafafu yana kwance, ya iya tsallake irin wannan tsaro idan shi ne a sama. Ya mallaki shaƙa ɗaya ko biyu da kullin gwiwar hannu waɗanda suke yi masa aiki a kan mai turjiya da gaske. A nan ne nake so ka tsaya ka yi tunani, domin kokawa ta ba ka abu mai daraja, ta kuma bar maka ɗabi'ar da za ta cutar da kai. Ta ba ka ƙugu mai nauyi da ƙafa mai kafuwa, da wuya sabon ɗalibi ya kayar da kai. Amma a dandali, da an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, makaɗa sun ɗauki kirari, a jiyu-jitsu kuwa kayarwa maki 2 ce kawai, tsallake ƙafafu maki 3, hawan ruwan ciki da kama baya kowanne maki 4. Na sha ganin ɗan kokawa, da zarar ya ji bayansa zai taɓa ƙasa, sai ya murɗa jiki ya kifa rub da ciki, ya dafa hannu biyu zai yunƙura. A wannan daƙiƙa ya ba da bayansa da wuyansa gaba ɗaya: abokin karawa ya saƙala dugadugansa a cinyoyinsa, ya zura damtse ƙarƙashin haɓarsa, shi ke nan. Ina kyautata zaton wannan yana cikin abubuwan da malaminka yake jira ya ga ka bari.

Akwai kuma hali, wanda malamai da yawa suke fifita shi a kan dabara. Ɗalibin da yake bubbuga hannu ya sallama da wuri idan kulli ya kama shi, yake sakin abokinsa nan take idan shi ya sallama, yake sassauta wa wanda ya fi shi ƙanƙanta, shi ne ake amince wa da matsayi, domin mai shuɗiyar ɗamara ake haɗa sababbin ɗalibai da shi.

Daminar nan ba asara ba ce idan ka yi amfani da ita da hankali. Ku bar daɓen zaure, ku nemi wuri mai rairayi, wanda ƙasar Jigawa ba ta rasa shi ba, ku tsince duwatsu da ƙaya ku shimfiɗa tabarma. Ka kwanta da baya ka sa ƙanenka ya hau ruwan cikinka, ka yi ta maimaita fita sannu a hankali, sau ashirin ta dama sau ashirin ta hagu, har kwanciya da baya ta daina firgita ka. Shaƙa da murɗa ƙafa kuwa ku ajiye su sai a gaban malami, domin jijiyar gwiwa takan tsinke kafin mutum ya ji zafin da zai sa ya sallama, kuma ƙanenka bai san iyakar abin ba tukuna. Ku yi wanka da sabulu bayan kowane horo saboda makero, wanda yake saurin yaɗuwa tsakanin masu haɗa jiki.

Idan Allah ya kai mu kaka ka koma Legas, ka je da ɗamararka mai zane biyu. Kada ka tambayi malaminka yaushe zai ba ka shuɗiya, domin malamai da yawa suna ɗaukar wannan tambaya rashin ladabi. Ka same shi bayan horo ka ce, "Malam, wane abu ne ya fi rauni a wasana da zan gyara a wannan rani?" Ka kuma gaya masa watan da za ka koma gida noma, don ya san tsawon lokacin da yake da shi tare da kai.