Kafin ka kai sitenles wuta, fara sanin wane iri ne a hannunka

Na ga saƙonka tun jiya da daddare, wai an kawo maka ƙananan fil na sitenles guda talatin da ka fere, mai su yana so su yi tauri, shin ka gasa su da wutar gas su yi ja ka tsoma a baƙin mai kamar yadda muke yi wa kurfi? Kai yaro, shekara nawa ka yi a gabana amma tambayarka ko lambar ƙarfen babu a ciki? Sitenles ai ba abu ɗaya ba ne, suna ne kawai ya haɗa su kamar 'yan gida ɗaya, kowa da halinsa.

Wallahi da na karanta sai da raina ya ɓaci, don ka tuno min wani mutum da har yau in na hango shi a masallacin Juma'a sai na canza sahu. Ɗan kwangila ne, yana kai kayan gyara gidajen ruwan leda, surukina ne ya haɗa mu. Ya zo da rodinsa da kansa a bayan mota, ya rantse min 420 ne, wato lambar sitenles mai yin tauri da wuta, daga Legas aka kawo masa, yana son fil ɗari biyu masu tauri. Mayen ƙarfe na nan rataye a bango, wanda na ciro daga tsohuwar sifika, taku biyu ne tsakanina da shi amma ban ɗauko ba saboda kunyar suruki, kar a ce na ƙaryata baƙonsa. Kwana goma sha ɗaya ina kan inji, babu wuta, man janareto daga aljihuna, kuma tun ranar farko ƙarfen yake gaya min gaskiya, ɓawon firar na fita dogo-dogo yana naɗewa kamar taliya, bakin tul ɗin fira na dakushewa kafin azahar, ni kuma girman kai ya hana ni tsayawa. Na gama na kai su oban na tsoma a mai, na ɗora magagari, sai ji na yi yana cin ƙarfen kamar sabulu. Na sake maimaitawa, na uku ma na bar su suka huce a hankali cikin oban ɗin wai ko za a dace. Ashe sitenles mai lamba 304 ne malam! Shi kuwa ko shekara zai yi a wuta ba zai yi tauri ba, kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8 ne a jikinsa, kabon ɗin kuma ɗan mitsitsi, ɗan taurin da yake samu daga matsa da fira ne, wuta ma sai dai ta cire masa shi.

Abin bai tsaya nan ba. Irin wannan ƙarfen in ya daɗe tsakanin digiri 450 zuwa 850 na Salsiyas kuromiyom ɗin na haɗewa da kabon ya bar jikin babu kariya daga tsatsa, toh hucewar da na bari suka yi a hankali ita ta ƙarasa su. Bayan 'yan makonni sai ga mutumin da buhu, ya zazzage fil ɗin a ƙofar shago gaban jama'a duk sun yi tsatsa, yana ihu wai na sauya masa ƙarfe na sayar da nasa mai kyau. Ni! Dattawan layi suka zauna sulhu, aka ce in biya rabin kuɗin rodi a wuce wurin, kuɗin aikina da na mai ko sisi ban gani ba. Daga baya yaronsa da bakinsa ya faɗa min wajen 'yan gwangwan ya sayo rodin a kilo. Surukin nawa har yau bai ce min ko sannu ba.

Toh ka je ka manna maye a jikin fil ɗin naka. In bai kama ba, ko ya ɗan kama sama-sama, dangin 304 ne ko 316, ka mayar wa mai shi kayansa ka ce wannan ba ya shan ruwa, wato ba ya yin tauri da wuta. In ya kama da ƙarfi ma kar ka yi saurin murna, don 430 yana kama maye amma shi ma ba ya yin tauri. Sai ka yanki guntu ka gwada shi kaɗai tukuna, magagari zai raba gardama. Masu karɓar wuta su ne 410 da 420 da 440C, su kuma jan da kake gani a kurfi bai ishe su ba, suna son wajen digiri 1000 zuwa 1050, ka riƙe su a nan kamar rabin awa in ƙanana ne, sannan mai ko iska. Da wutar gas ba za ka iya riƙe wannan zafin daidai a jikin fil talatin ba, wani zai ƙone wani bai dahu ba, ka nemi mai oban da ma'aunin zafi ka biya shi. A naɗe su cikin takardar sitenles mai jure wuta don kar iska ta ci fatarsu su fito baƙi ƙirin da ɓawo. Dogaye sirara a tsaye ake tsoma su, in ka kwantar za su fito kamar baka, kuma ka bar ɗan rarar kauri a jiki don gurzawar ƙarshe. Maganar wanke maiko da sauran tarkace ba zan ɓata bakina ba, ko almajirin da ke share mana shago ya sani.

Suna hucewa ka mayar da su zafi kaɗan, digiri 150 zuwa 300, awa biyu, in ba haka ba za su fashe kamar tangaran. Ka guji tsakanin 425 da 550, nan ƙarfen ke yin gautsi ya kuma rage jure tsatsa. Sai dai in Allah ya sa sitenles mai lamba 17-4 ne aka kawo maka, shi dokarsa daban, digiri 482 awa ɗaya ka bar shi ya sha iska, shikenan ya haura 40 a ma'aunin tauri na Rokwel ba tare da ya lanƙwashe ba, amma da wuya ka same shi a nan sai da takarda.

Ku yaran yanzu kun kalli bidiyon minti ɗaya a waya kun zama injiniyoyi, mu sai da muka yi shekara uku muna riƙe wa maigida awartaki kafin a bar mu mu taɓa mai. Gobe bayan la'asar ka zo min da fil ɗaya da guntun rodin da ya rage, kuma ka sa mai kayan ya rubuta maka lambar ƙarfen da hannunsa a takarda kafin ka kunna komai. Magagarina da ka ara tun kafin sallah ma ka haɗo da shi.