Babban kamfani a Legas ko ƙarami a Kaduna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello, na gama bautar ƙasa. Wani babban kamfani mai yi wa bankuna da ma'aikatu aikin kwamfuta ya ɗauke ni a Legas, wani ƙarami kuma a Kaduna yana nemana. Mahaifiyata tana Samaru, ba ta so in yi nisa. Mene ne amfanin babban kamfanin, mece ce illarsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka.

Fara da sanin inda kuɗin manyan kamfanonin nan ke fitowa. Irin su Deloitte da KPMG da PwC, ko manyan Indiya kamar Infosys da TCS, lokacin ma'aikatansu suke sayarwa. Banki ya ba su kwangila, su tura ka, su caji bankin kuɗin awoyinka. Shi ya sa duk mako sai ka cika takardar awoyi, kuma da ita ake auna ka. Daɗin aikin da wuyarsa duk daga nan suke.

Babban amfanin shi ne koyo, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Za ka sa hannu a manyan manhajoji irin SAP da Oracle da Finacle, wadda bankunan Najeriya da dama ke aiki da ita. Ka ga daren da ake sauya wa banki manhaja: ƙarshen mako ne, kowa na zaune har asuba, ga jerin matakai a rubuce ana bi ɗaya bayan ɗaya, ga shirin komawa tsohon tsari idan abu ya ƙi. Wanda ya kwana a ɗakin nan ya koyi tsari da natsuwar da aji ba ya koyarwa. Sau da yawa kamfanin ne zai biya maka jarrabawar satifiket. Fansho ma yana tafiya bisa dokar 2014, kamfani ya zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kashi 8, ga inshorar lafiya. Sunan kamfanin kuma zai yi maka amfani duk inda ka nemi aiki gaba.

Illar da ta fi damuna ita ce ba kai ke zaɓar aikin ba. Ka shiga da burin rubuta manhaja, a ajiye ka shekara guda kana gwada wadda wani ya rubuta, ko kana shirya rahoto a PowerPoint. Idan kwangila ta ƙare wata ba ta zo ba, sai zaman benci: albashi na shiga, hankali ba kwance ba, don da 'yan benci ake farawa in za a rage ma'aikata. Ga dare da ake rabawa idan wa'adi ya matso. Legas kuwa haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, saboda haka ka cire haya da kuɗin mota kafin ka kwatanta albashin da na Kaduna. A ƙaramin kamfani za ka taɓa komai, sai dai mai gyara maka kuskure zai yi wuya.

Ni dai ina ganin ka karɓi na Legas, da niyyar shekara biyu ko uku, ka ƙware a fanni guda. Amma kafin ka sa hannu, tambaye su sashen da za a kai ka, kuma ka karanta ko akwai sharaɗin biyan kuɗin horo idan ka bar aiki da wuri. Maganar Juma'a da lokacin buɗe-baki ka faɗa wa manajanka tun makon farko, kada ka ji nauyi.

Batun Hajiya kuwa, kada ka tafi ba da yardarta ba. Zauna ka yi mata bayanin wa'adin da ka ɗiba. Ka kuma tambayi kamfanin ko za su ajiye ka a ofishinsu na Abuja idan suna da shi, don daga tashar Idu ta Abuja jirgin ƙasa zai sauke ka a Rigasa ta Kaduna, ka hau mota zuwa Zariya a yini guda.