Majalisa ta ce Atiku, Facebook ya ce Obi, akwati ya ce Tinubu: wa ya yi ƙarya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jos. Lokacin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 2023, a majalisarmu kusan kowa Atiku ne ko Kwankwaso, ƙalilan ne ke tare da Tinubu. A Facebook kuwa sai ka rantse Peter Obi ya riga ya ci, har ana yawo da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da ke nuna shi ne a gaba. Da aka ƙirga, Obi ya ɗauke Filato, Tinubu ya ɗauke ƙasa. Yanzu ga shi an soma kaɗa gangar siyasa, musu ya dawo sabo. Shin masu binciken nan ƙarya suke shirgawa? Kuma da gaske akwai mai duba manufofin ɗan takara, ko dai addini ne da ƙabila kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Majalisarku gaskiya ta faɗa, amma gaskiyar mutanen da ke zama a kan bencinta. Kai da kake Jos ka fi kowa sanin dalili. Tun bayan rikicin 2001, da na 2008 wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, zaman garin ya rabu. Mutumin Anguwar Rogo ko Gangare ko Dilimi zai iya shafe wata guda bai yi hirar siyasa da mutumin Anguwar Rukuba ko Rayfield ba, ko da suna haɗuwa a Taminus wajen ciniki. Kowa na jin muryar unguwarsu, sai ya ɗauka muryar jiha ce. Alhali Filato ƙananan hukumomi 17 gare ta, kuma masu zaɓe a Mangu da Pankshin da Langtang da Shendam da Wase ba su zo majalisarku ba. Da aka haɗa kowa, Obi ya samu ƙuri'a 466,272, Tinubu 307,195, Atiku 243,808, Kwankwaso kuwa bai kai dubu goma ba.

Ka tuna kuma a Jos ɗin nan APC ta buɗe yaƙin neman zaɓenta, ranar 15 ga Nuwamba 2022 a filin wasa na Rwang Pam, kuma gwamnan jihar na lokacin, Simon Lalong, shi ne babban daraktan yaƙin neman zaɓen Tinubu. An tara jama'a, an sha kiɗa, amma jihar ta suɓuce musu. Taron gangami ana cika shi da motocin haya da kuɗin mai da 'yan kallo, har da waɗanda ba su da katin zaɓe. Don haka ni ba na auna ɗan takara da cikar fili.

Yanzu batun masu bincike. Ƙuri'ar jin ra'ayi ilimi ce mai ƙa'ida, kuma lissafinta ya tabbata: idan aka zaɓo mutum dubu ɗaya ba tare da son kai ba, ta yadda kowane mai zaɓe a ƙasa yake da damar faɗawa cikinsu daidai da kowa, amsarsu ba ta cika kauce wa ra'ayin ƙasa da fiye da kashi uku cikin ɗari ba. Wahalar duk tana wajen zaɓo mutanen. Wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir a Farin Gada ya san manya masu sheƙi a sama ake jera su, kuma mai hankali sai ya sa hannu ya ga na ƙasa kafin ya biya. Binciken da aka yi ta wayar tarho, ko ta manhajar babbar waya, saman kwandon yake gani: matashi ɗan birni, mai karatun boko, mai cajin waya da kuɗin data, wanda ba ya shakkar gaya wa baƙo ra'ayinsa. Dattijuwar da ke ƙauye, da matar auren da wayar gidan ke aljihun mijinta, da manomin da ke kashe kira in ya ji baƙuwar murya tana tambayar wa zai zaɓa, duk suna ƙasa. Kuma su ne ke sammako su kama layi ranar zaɓe.

Dubi binciken da aka fi yawo da shi, wanda kamfanin NOI Polls ya yi wa gidauniyar ANAP a watan Satumban 2022. Ya ba Obi kashi 21, Tinubu 13, Atiku 13. Wannan ne aka yi ta bugawa. Abin da masu yaɗawa suka tsallake shi ne kashi 32 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 15 kuma sun ƙi faɗa. Kusan rabin waɗanda aka tambaya ke nan ba su buɗe cikinsu ba. Binciken da rabin mutanensa suka yi gum ba ya iya nuna wanda zai ci. Iyakarsa ya nuna cewa magoya bayan Obi sun yanke shawara da wuri kuma ba sa ɓoyewa. A wannan kam bai yi kuskure ba, domin mutumin da ake wa dariya cewa ba shi da gwamna ko ɗaya ya tashi da ƙuri'a sama da miliyan shida, ya kayar da Tinubu a Legas, ya kwashe Abuja da 281,717. Laifin da nake gani ya fi yawa a wuyan sojojin baka, waɗanda suka yanko layi ɗaya suka mai da shi bushara. Masu binciken ma da nasu, don ya kamata su riƙa fitar da sakamako da gargaɗi a gaba, a harsunan da jama'a ke ji.

Abu na biyu shi ne ba kowane mai ra'ayi ke jefa ƙuri'a ba. Mutum sama da miliyan 93 INEC ta yi wa rajista, amma waɗanda suka fita ranar 25 ga Fabrairu ba su kai miliyan 25 ba, wato wajen kashi 27 cikin ɗari, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999. A Legas mai rajista miliyan bakwai, waɗanda suka yi zaɓe ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Ka tuna halin da ake ciki a makonnin nan: Babban Banki ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, ga layin mai. Wanda ya yi rajista a garinsu yana aiki a Abuja, ina kuɗin motar komawa? A irin wannan yanayi jam'iyyar da ke da mutum a kowace mazaɓa, mai buga ƙofa da asuba ya ce a fito, ita ke da riba. Rumfunan zaɓe sun haura 176,000 a ƙasar nan, kuma tsayar da wakili a kowacce aiki ne na kuɗi da tsari, wanda farin jini a intanet ba ya yi wa kowa.

Sai kuma yadda doka ta tsara nasara. Sashe na 134 na kundin tsarin mulki ya ce sai ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a, ya kuma samu aƙalla kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Tinubu ya ci jihohi 12, Atiku 12, Obi 11 da Abuja, Kwankwaso ya riƙe Kano. A ƙidayar jihohi kusan kunnen doki ne. Abin da ya raba gardama shi ne inda Tinubu ya faɗi, yawanci na biyu yake zuwa da kaso mai kauri. A Katsina Atiku ya ci, amma tazarar ba ta kai dubu goma ba. A Kano Kwankwaso ya samu 997,279, Tinubu ya bi shi da sama da dubu ɗari biyar. Ko a Filato da kuke cewa ya faɗi, dubu ɗari uku ya kwasa. Haka ya tara 8,794,726, Atiku 6,984,520, Obi 6,101,533, Kwankwaso 1,496,687. Ka lura mutum ukun da suka biyo baya duk 'yan PDP ne shekara guda kafin zaɓen. Ƙuri'ar adawa ta fi ta mai nasara yawa nesa ba kusa ba, rabuwa ta yi gida uku.

Na san a majalisa za a ce duk wannan lissafi ne a kan alƙaluman da aka murɗe. Ƙorafin yana da tushe, kuma ba zan raina shi ba. INEC ta yi alƙawarin ɗora sakamakon kowace rumfa a shafinta na IReV nan take, sai na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a ranar, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. Wannan ya zubar da amana ƙwarai, kuma an yi jayayya mai zafi kan sakamakon wasu wurare, musamman Ribas. Atiku da Obi sun je kotu, Kotun Ƙoli ta kori ƙararsu ranar 26 ga Oktoban 2023, ta kuma ce rashin samun kashi 25 a Abuja ba ya hana mutum zama shugaban ƙasa. Sai dai maguɗi shi kaɗai ba ya bayyana yadda jam'iyya mai mulki ta faɗi a Legas, gidan ɗan takararta, da Katsina, gidan shugaban ƙasa na lokacin, da Filato, gidan daraktan yaƙin zaɓenta.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi. Addini da yanki sun yi aiki, musun wannan yaudarar kai ne. Tikitin Musulmi da Musulmi na Tinubu da Kashim Shettima ya fusata Kiristoci da yawa a Filato da Kudancin Kaduna da Abuja, kamar yadda ya ja wasu Musulmi, kuma an ji shi a mumbari an ji shi a coci. Amma a Jos ɗin nan ne, a watan Maris na 1993, jam'iyyar SDP ta tsayar da Abiola, ya ɗauki Babagana Kingibe, su biyun Musulmi, kuma Kiristoci da yawa suka zaɓe su, har Abiola ya kayar da Bashir Tofa a Kano. Tikiti iri ɗaya, karɓa daban. Abin da ya canza cikin shekaru talatin shi ne yawan jinin da aka zubar da yawan tsoron da ya shiga tsakanin maƙwabta. Idan mutumin Bokkos ko Riyom da aka kai wa ƙauyensu hari, ko Bafulatanin da aka kashe wa shanu da dangi, ko ɗan Jos ta Arewa da ke fama da batun takardar shaidar zama ɗan asalin yankin, ya ce zai zaɓi nasa, tambayar da yake yi a zuci ita ce wa zai ɗaga waya in an taɓa ni. Ina ganin wannan ma manufa ce, manufar tsaro da adalci, sai dai ba a rubuce take ba. Ba na son a riƙa kiran irin wannan mai zaɓe jahili. Inda nake da ja shi ne 'yan siyasa sun gane tsoron, suna kiwonsa, don ya fi musu arha a kan yin aiki.

Akwai kuma hujjar cewa mutanen Filato na tantancewa. Makonni uku bayan sun ba LP, jam'iyyar da Obi ya tsaya a cikinta, rinjaye a zaɓen shugaban ƙasa, ranar 18 ga Maris suka zaɓi Caleb Mutfwang a tutar PDP ya zama gwamna, APC na biye da shi kusa, LP ta koma ta uku can nesa. Mutanen nan ɗaya ne, katin ɗaya ne. Zamanin a dangwala wa jam'iyya ɗaya sak daga sama har ƙasa ya ja baya.

Game da rubutattun manufofi kuwa, dalilin da ya sa ba su raba masu zaɓe ba shi ne a kan babban batu bakin manyan 'yan takarar ɗaya ne. Tinubu da Atiku da Obi duk sun ce za su cire tallafin man fetur. Sun faɗa a fili, ba a ɓoye ba. Wanda ke son a bar tallafin ba shi da inda zai kai ƙuri'arsa a cikin ukun. Tambayar da ta kamata a tsare su da ita, wato a cire a rana ɗaya ko sannu a hankali, kuma ina kuɗin zai tafi, me za a yi wa mai keke Napep da mai albashi, ba ta samu fili ba, ana can ana musu kan lafiyar wane da takardun makarantar wane. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cirewa a jawabin rantsuwa, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Tun daga ranar babu mai shago a Jos da zai ce manufa ba ta shafe shi ba.

Saboda haka idan an sake turo maka sakamakon bincike a WhatsApp, kafin ka tura gaba nemi sanin wanda ya biya kuɗin aikin, da yawan mutanen da aka tambaya da jihohinsu, da ko ta waya aka yi ko gida-gida, da harshen da aka yi tambayar, sannan ka nemo adadin waɗanda suka ƙi amsawa. In babu waɗannan bayanai, talla ce. Zaɓen da ake yi a shafin Facebook ko a shirin rediyo na kiran waya kuwa ba bincike ba ne sam, tunda mutum ɗaya na iya dannawa da wayoyi uku. In kana son sanin inda Filato ta karkata, abokan cinikinka da ke sauko da dankali da kabeji daga ƙauyuka za su fi majalisa ba ka labari, in ka saurare su ba tare da ka fara faɗin naka ba. Ranar zaɓe kuma doka ta ba ka damar tsayawa a rumfarku har a ƙirga a gaban jama'a, a rubuta sakamakon, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna kwafi a wurin. Ɗauki hotonsa ka ajiye, ka gwada da abin da INEC ta ɗora a shafinta.