Amsa ga 'yata kan maganar "asali"

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce gwaggonki ta hana a karɓi gaisuwar yaron da ke neman ƙanwarki don wai kakansa bacucane ne, kina tambaya mene ne bacucane, kuma ko al'adarmu ce ta hana. To, saurara.

Bayi a ƙasar Hausa ba su kasance abu ɗaya ba. Akwai wanda aka kamo a yaƙi aka kai Kasuwar Kurmi aka sa masa kuɗi, shi ne ya sha wuya fiye da kowa. Akwai mutanen rinji, wato ƙauyen bayi, da ke noma gandun ubangida, kamar na Fanisau da Ɗorayi. Su yi masa aiki har wajen azahar, sannan kowa ya koma gayaunarsa. Wani kuma yana murgu, wato ya yi sana'arsa a gari yana biyan ubangida wani abu, yana tara sauran kuɗin wuri har ya fanshi kansa. Bacucane shi ne wanda aka haifa a gidan, ya tashi da harshen gidan da addininsa, kuma abin kunya ne a sayar da shi.

A fadar Kano kuwa, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne. Hakimi guda, da rawaninsa da dawakinsa, yakan bi ta hannunsu kafin ya ga sarki. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangidanta ɗa ne ba bawa ba, yana gado, kuma sarakuna da dama ta nan suka fito. Kada ki ɗauka ina wanke bautar. Kakata tana ba mu labarin wata tsohuwa a zaurenmu da aka raba da ɗanta tun yana goye, har ta rasu tana kiran sunansa in an kawo mata tuwo. Raina yana ɓaci duk lokacin da na tuna.

Turawa sun ci Kano a 1903. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Ki lissafa da kanki, kakan yaron nan ma da wuya a ce an haife shi bawa.

Batun addini kuma, Zaidu ɗan Harisa 'yantacce ne, Annabi (SAW) da kansa ya aura masa Zainab, 'yar gwaggon Annabin. Abin da iyayenmu ke bincika kafin aure shi ne hali da sana'a da sallar mutum, da ko akwai wata cuta a gidan.

Ki gaya wa mahaifinki ina tafe ranar Asabar in Allah ya kai mu. Gwaggonki kuma ki bar ni da ita, tun tana rarrafe na san ta. Ki aiko min da sunan unguwar yaron, in tura a tambayi limaminsu.