Tambayoyinku: Me ya sa masu motar asibiti ke tsayawa danna ƙirji maimakon su ruga asibiti?

Assalamu alaikum Baba Likita. Ni ɗan kasuwa ne nan Sakkwato. Watan jiya kawuna ya yanke jiki ya faɗi bakin shagonshi bayan la'asar, yana cikin magana da mutane. Munka kwara mishi ruwa, wasu na fifita, wani ya kanga mishi albasa ga hanci. Yana jan wani irin numfashi jefi-jefi mai kama da minshari. Munka sa shi cikin Keke Napep sai asibiti, muna isa anka ce rai ya yi halinshi. Daga baya ƙanena da ke karatu Ingila ya ce mini can ma'aikatan motar asibiti ba su ɗaukar mutum nan take, durƙusawa suke suna danna mishi ƙirji har wajen rabin awa. Wannan ba sakaci ba ne? Kuma da mun yi wani abu, da Kawu ya tashi?

Mai karatu daga Mabera

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa can ta fi nan, ku kuma ya ba ku haƙuri.

Tambayarka ta biyu ce na san ke hana ka barci, don haka da ita zan fara. Babu mai iya ce maka da ya tashi. Ko a ƙasashen da motar asibiti ke isowa cikin 'yan mintoci, cikin mutum goma da zuciyarsu ta tsaya a wajen asibiti, kusan ɗaya ne ke komawa gida da rai. Kun yi iya abin da kuka sani. Amma ƙanenka gaskiya ya faɗa maka, kuma abin da suke yi ba sakaci ba ne, shi ne aikin.

Da zarar zuciya ta daina harba jini, ƙwaƙwalwa ba ta wuce minti 4 zuwa 6 kafin ta fara lalacewa, kuma duk minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. To lissafa da kanka: ciccibo mutum daga cikin kasuwa, neman keke, cunkoson bakin ƙofa, 'yan kabu-kabu na giftawa, kafin a kai ƙofar ɗakin gaggawa. Ni da ke tsaye a wannan ƙofar na san yadda ake sauke su: riga sharkaf da ruwa, warin albasa, mutum biyu sun tallabe shi a zaune kai na lilo. Ka haska ƙwayar ido ka ga ta buɗe ba ta motsi.

Wannan minsharin da ka ji shi ne ya fi ruɗa mutanenmu. Wasu su ce ai yana numfashi, suma ce kawai, a kawo ruwa. Wasu su ce gargara ce, a fara laƙƙana masa kalmar shahada. Duka biyun sai a janye hannu. Alhali wannan jan numfashi alama ce zuciyar ba ta daɗe da tsayawa ba, lokacin da aikin ceto ya fi amfani ke nan. Ni ban hana kowa laƙƙana shahada ba. Mai baki ya yi, mai hannu ya danna.

Ma'aikatan agajin gaggawa idan sun iso, ba su wuce daƙiƙa 10 wajen tabbatar da cewa mutum ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a buɗe ƙirji. Ɗaya ya ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa, gwiwar hannu a miƙe, ya danna santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowane dannawa 30, abokinsa ya hura iskar oksijin sau biyu da jakar roba. Wani kuma yana manna fallaye biyu na na'urar lantarki, ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya ta dama, ɗaya gefen haƙarƙari ta hagu ƙasa da hammata.

Allon na'urar ne ke raba hanya. Wani lokaci zuciyar ba ta mutu murus ba, karkarwa kawai take yi ba tsari, ba ta tura jini. Wannan ce ake ba wuta: a ce kowa ya ɗaga hannu, a latsa, jiki ya zabura, a koma dannawa nan take ba tare da tsayawa laluben jijiya ba. Wadda kuma layinta ya miƙe samɓal, wuta ba ta yi mata komai, duk da abin da kuke gani a finafinai. Duk minti biyu a sake duba allo, a canja mai dannawa, don ƙato ma hannunsa kan yi sanyi bai sani ba. Allurar adiranalin, mai zaburar da zuciya, miligiram 1 ake ba shi duk minti 3 zuwa 5. In jijiya ta ɓuya, a huda ƙashin ƙwauri a zuba ta nan. In an ba da wuta sau uku karkarwar ta ƙi, a ƙara amiyodaron, maganin daidaita bugun zuciya, miligiram 300.

Kada allurar adiranalin ta burge ka fiye da kima. A 2018 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya kan mutum kusan 8,000: waɗanda aka yi wa adiranalin kashi 3.2 cikin ɗari suka kai kwana 30 da rai, waɗanda ba a yi wa ba kashi 2.4, amma wajen tashi da lafiyayyar ƙwaƙwalwa ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Hannu da wuta su ne masu aikin.

Dalilin ƙin ɗaukarsa kuwa, ka tuna famfon tuƙa-tuƙa: sai ka yi ta bugawa kafin ruwa ya hau, kana sakin hannu ya koma ƙasa, ka sake daga farko. Haka jini yake a jijiyoyin zuciya. Ɗora mutum a gado, sauko da shi, shigar da shi mota, duk tsaiko ne, kuma ba mai iya dannawa da kyau mota na faɗawa ramuka. Sannan abin da asibiti zai yi a minti 20 na farko, shi ne dai ke cikin jakar ma'aikatan motar. Tun 1965 wani likita a birnin Belfast na Arewacin Ireland, Frank Pantridge, ya haɗa na'urar wuta da ake iya sawa a mota, da batiran mota take aiki, nauyinta kusan kilo 70, don a kai wa mutum magani inda ya faɗi. Masu zuwa gidan kallo sun ga amfanin haka ranar 12 ga Yunin 2021, da Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a wasansu da Finland. A kan ciyawa aka danna shi, aka ba shi wuta, ya dawo har ya ci gaba da taka leda.

Ba kullum ake tsayawa a wurin da mutum ya faɗi ba. Wanda aka soka ko aka harba jini na zuba, da mace mai tsohon ciki, gaggawar kai su ake yi ana dannawa a hanya, don abin da zai cece su yana ɗakin tiyata. In kuma an daɗe layi na miƙe, an bincika ba a ga wani sanadi da za a iya gyarawa ba, akwai ƙa'idar dakatawa, a sanar da iyali.

A nan garin ba kasafai mota mai irin wannan kaya za ta iso ka cikin kasuwa ba, gara in faɗa maka. Saboda haka wanda ke kusa shi ne ma'aikacin farko. Nuna mutum ɗaya da yatsa ka ce ya kira 112 ya kuma nemo mota, kai ka durƙusa. In ba ka iya hura iska ba, danna kawai, kuna karɓa-karɓa. Motar da za a nemo ta zama wadda zai kwanta a miƙe a ci gaba da dannawa, a-kori-kura ta fi keke nesa ba kusa ba. Kuma ka kai maganar nan ga shugabannin kasuwarku: akwai ƙaramar na'urar wuta da ake kira AED, ita ke magana tana faɗa maka abin yi, ba ta sakin wuta sai ta ga ana buƙata. Kasuwa irin taku da masallatan Juma'a sun cancanci a rataye ta, a koya wa 'yan agaji aiki da ita.

*

Baba Likita, in mace ce ta faɗi kuma maza ne kaɗai a wurin fa? Kuma ance ana karya haƙarƙari.

Mai karatu daga Arkilla

'Yata, an bincika an gano mata sun fi maza rasa mai danna musu ƙirji a bainar jama'a, har a ƙasashen Turawa, saboda kunya da tsoron zargi. Malamanmu sun daɗe da faɗin hukuncin larura, ceton rai ne. Dannawa ba ta buƙatar a tuɓe ta, a kan riga ake yi. Fallayen na'ura ne kawai ke son fata, nan sai a kewaye da zane ko hijabi. Gara ku mata ku koya a Islamiyyunku, don yawancin irin wannan faɗuwa a cikin gida take faruwa, ku ne a kusa.

Haƙarƙari kan karye, musamman na tsofaffi, za ki ma ji ƙas a ƙarƙashin hannunki. Kada ki tsaya, ki duba ko hannunki na tsakiya ki ci gaba, ƙashi yana ɗoruwa. In mai ciki ce kuma cikin ya kai cibiya ko ya wuce, wata ta sa hannu biyu ta ture cikin zuwa hagunta yayin da ake dannawa, don nauyinsa na danne babbar jijiyar da ke maido jini zuciya.